Kanta a Kafaɗar Jabbi

Tun ran da munka dawo ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na zauna teburin mai shayi tambaya, in na fito masallaci tambaya. Har wanzamina sai da ya ɗora mini aska a wuya sannan ya ce wai mi ya sa munka dawo hannu rabbana. Na gaji da ba da amsa guntu-guntu. Ga shi nan za ni zayyana sau guda, daga fitarmu Sabon Birni har dawowarmu, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Kuma in faɗa tun yanzu, ba haƙuri na zo bayarwa ba. Kofin gasa dai ba mu kawo ba, wannan gaskiya ne. Amma akwai maganar da ke yawo gari a kan abokin wasanmu Jabbi, wai jami'an tsaro sun kama shi bakin iyaka don infoma ne na mutanen daji. Duk wanda ke zaune ƙasar nan ya san abin da irin wagga magana ke jawo wa mutum, balle Bafillace. Ba a kai ta kotu, ba a jiran shaida. Saboda ita na zauna rubutun nan.

Ga wanda bai san mu ba, ni ne Lawali, ɗan Tsamaye, kyaftin na 'yan ƙwallon kwando na 'yar kwalejinmu ta horon malamai. Filinmu daɓe ne, mu munka daɓe shi da hannunmu, allon da kwandon ke jiki kuwa tsohuwar ƙofar aji ce. Mai horar da mu Malam Garba ne, mutum mai sanyin hali, wanda in ya yi fushi sai ya cire hularshi ya tsaya yana dubanta. Shi ko Jabbi ɗan wata ruga ne wajen Tozai, can ƙasar Isa. Dogo ne har sai ya duƙa yake shiga aji, kuma sai ku wuni tare ba ka ji bakinshi ba. Aikina a fili bai wuce in kai ƙwallo kusa da shi ba. In ta shiga hannunshi ƙarƙashin kwando, sai dai mai rubutu ya rubuta. Duk Juma'a in an sauko masallaci yakan shiga mota ya tafi Isa wurin tsohuwarshi, ya dawo Lahadi da yamma. Ba wanda ya taɓa damuwa da wannan sai yanzu.

Bana kam mun yi abin faɗi. Duk kwalejin da ke wannan yanki mun bi ta kanta, gida da waje. Garin da ya daɗe bai ga abin murna ba sai ya rataya ranshi gare mu. Tsofaffin da ba su san yadda ake ƙirga maki ba suna zuwa da buzunsu su zauna bakin fili. Tela ya ɗinka mana riguna kyauta, mai shayi ya ce in mun kawo kofi a cikinshi za shi haɗa mana shayi, wani maroƙi har ya yi wa Jabbi kirari. Da anka kira mu Sakkwato wasannin ƙarshe na jiha, mutane ba Allah ya ba da sa'a suke ce mana ba, cewa suke sai kun kawo shi.

Matsala ta fara tun daga hanya. A satin nan hanyar Goronyo ba ta biyuwa, an tare motoci an shiga daji da mutane. Shugaban kwaleji ya ce shi ba ya ɗaukar ɗiyan mutane ya kai su bakin kura saboda ƙwallo. Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe anka tsayar da shawara mu yi abin da 'yan kasuwa ke yi in hanya ta lalace: mu shiga Nijar, mu zagaya ta Madawa da Ƙonni, mu faɗo Illela, sannan Sakkwato. Tafiyar hantsi ta koma ta wuni. Amma mun fito da jajibirin wasa tun da safe, muna ganin lokaci har ya yi yawa.

Bas ɗin Baba Cika anka ɗauka. Duk wanda ya san Baba Cika ya san motarshi, ƙofarta da igiya ake ɗaure ta, kuma ba ta tashi sai an roƙe ta. Iyayenmu sunka cika mu da guzuri, ƙuli-ƙuli, dakuwa, garin rogo, kamar masu zuwa Makka a ƙasa. Ba mu yi nisa ba yashi ya kama taya, munka sauka turi. Munka shiga, ya sake kamawa. Baba Cika na zaune bisa sitiyari yana ce mana ai motsa jiki ne, Malam Garba bai ba mu irinshi ba. Bashiru ɗan Gangara, wanda shi ne gajeren cikinmu kuma mai bakin ƙungiya, ya ce in haka ne a biya mu kuɗin mota, tunda mu munka kawo ta.

Ni ban taɓa ƙetare iyaka ba, na zaci za ni ga katanga ko ƙofa. Ina! Geron nan dai shi ne, rumbunan nan su ne, matan da ke surfe ba su ko ɗago kai ba. Bashiru ya dami Baba Cika da tambayar ina iyakar take, sai ya nuna mishi wani guntun siminti bakin gona, an ɗaure akuya jikinshi. Ya ce ga ta nan, akuyar ma ba ta san ƙasar da take kiwo ba.

Ƙauyen farko munka tsaya karin kumallo. Nan na fara ganin burodinsu, dogo siriri mai tauri, in ka buga wa mutum sai ya kai ƙara. Ana tsaga shi a zuba wake da mai da yaji a ciki, kuma wallahi da daɗi, sai dai dasashi ya ji jiki. Bashiru tun gida yake cika baki shi ya iya Faransanci, don ya taɓa raka kawunshi Maraɗi. Ya je gaban mai waken ya gyara tsayuwa ya fara karya harshe. Matar ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Ɗan nan, yi Hausa, ni ma ban jin abin da kaka faɗi.” Munka yi ta dariya har Jabbi sai da ya murmusa.

Gaba kaɗan, kafin a hau kwalta, munka iske shinge. Igiya ce an ɗaura mata tsummoki, da ganga biyu, da wata 'yar rumfa, da ɗaki guda mai tutar ƙasarsu. Jandarmomi ne, wato 'yan sandansu na karkara. Nan na ga bambanci. Mu nan gida in ka zo shinge sai ka ce yallaɓai ya aiki, a yi 'yar raha, a ɗaga hannu. Can ba raha. Mutum zai karɓi katinka ya karanta shi gaba da baya, ya dubi hoton ya dubi fuskarka, kamar mai sayen rago. Ba su zage mu ba, ba su nemi komi gare mu ba. Kowa cikinmu da katinshi na ɗan ƙasa da na makaranta, Malam Garba ya nuna takardar gayyata. Har mun fara komawa mota sai babbansu, wanda suke ce wa Shef, ya ce duk namijin da ya fito daga ɓangarenmu ya tuɓe riga.

Baba Cika ya raɗa mana dalili. Wanda ya daɗe yana rataya bindiga, igiyarta kan bar mishi shaida a kafaɗa, ita suke dubawa. Munka tuɓe muna wasa, ana tsokanar Bashiru da haƙarƙari. Jabbi kaɗai ya tsaya da rigarshi. Sai lokacin na tuna ban taɓa ganinshi ba riga ba. Ko a fili yakan sa 'yar shara ƙarƙashin rigar wasa, wanka kuwa sai kowa ya gama, mu ko muna cewa kunyar Fillani ce. Shef ya maimaita magana. Jabbi ya cire riga a hankali.

Kanta ce a kafaɗarshi ta dama, baƙa, mai kauri, ta taso daga gindin wuya ta gangara. Ta hagu ma akwai, ba ta kai waccan ba. Jandarmomin nan da ke tsaye sakaka sai kowa ya gyara riƙon bindigarshi. Shef ya taɓa wurin da yatsa ya tambaye shi mi ya yi mishi wannan. Jabbi ya sunkuyar da kai. Shef ya sake tambaya da Hausa, wani cikinsu ya tambaya da Fillanci. Ko uffan.

Malam Garba ya yi bayani har bakinshi ya bushe: ɗalibinshi ne, ga kati, ga suna cikin takarda, ba a taɓa kama shi da ko satar alli ba. Shef ya ce duk ya ji, shi ma ba ya son riƙe ɗan makaranta, amma mutum ya fito daga inda munka fito, da wannan a kafaɗa, kuma ya ƙi magana, to mi ake so ya yi? Ya ce sauranmu mu tafi, ba ruwanshi da mu. Jabbi kuwa zai zauna, gobe da la'asar motarsu za ta zo ta kai shi babban ofishinsu, can akwai masu iya tambaya.

Aka sa Jabbi ya zauna bakin ɗakin, ba riga. Da munka matso ya ɗago ya ce, “Ku tafi. Kar ku rasa wasan.”

Munka koma gindin mota munka yi cirko-cirko. Malam Garba ya ce shi za shi zauna, ni in ja yara mu wuce, in munka yi sauri za mu kwana Sakkwato. Wasu sunka ce haka ya fi. Bashiru ya fi kowa son tafiya, kuma ban ga laifinshi ba, don an ce wani mai neman 'yan wasa daga babbar ƙungiya zai zo kallo, shi kuma shekararshi ta ƙarshe ke nan. Ni dai na ce ba inda za ni. Ba don na fi su kirki ba. Abin da na hango shi ne, ran da bas ɗin nan ya tashi ba Jabbi, mun sa hannu ke nan cewa mu ma da muke ci akushi guda da shi muna zarginshi. Shef zai ga haka, na babban ofis za su ji haka, gida ma haka za a ji. Na faɗa musu wannan, na ce wanda ke son tafiya ga mota nan, ba ni riƙe kowa. Sai Bashiru ya yi tsaki, ya hau bisa mota, ya fara jefo jakunkuna ƙasa, jakarshi ya fara jefowa. Yana jefowa yana zagin Jabbi da kakannin Jabbi.

Abu guda ya ɗan taimake mu. Shef Bazabarme ne, ni kuwa ga zanen Gobir a fuskata har kunne. Can ƙasar Bagobiri da Bazabarme abokan wasa ne, ba mai fushi da wani. Da ya ga mun baje kaya gindin bedi, wato dogonyaro, sai ya kira ni ya ce, kai bawana, taurin kan naku na gado ne ka kawo mini nan? Na ce ai ubangida ba ya tafiya ya bar bawanshi cikin rana, na tsaya in ga yadda yake aiki. Ya yi dariya har da buga cinya. Ya sa anka kawo mana tabarma da shayi, ya bar ni in zauna kusa da Jabbi. Amma da na ce to a sake shi saboda zumunci, sai fuskar ta koma yadda take. Ya ce wasa daban, aiki daban.

Na zauna da Jabbi har rana ta yi sanyi. Na lallashe shi, na haɗa shi da Allah, na ce ko mi ne ne ya faɗa mini ni kaɗai. Abin da na samu kawai shi ne, “Ba bindiga ba ce, Lawali.” Na ce na sani, to mi ce? Ya kau da kai. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mishi mutum goma sha wani abu sun ajiye abin da sunka yi shekara suna wahala a kai saboda shi, shi kuma yana nan yana mana jan aji. Na faɗi maganganu masu zafi. Idonshi dai ya yi ja.

Mai garin ƙauyen ya sauke mu zaurenshi. Mutanen nan Allah ya saka musu. Ba wanda ya tambaye mu laifin da munka yi, sai ga akussa na fitowa gida-gida: tuwon gero, dambun zogale, fura mai sanyi a ƙwarya. Mu nan in baƙo ya sauka, mai masauki ke ɗaukar nauyi shi kaɗai. Can kowane gida sai ya aiko, kuma in ka maida kwano ba ka taɓa ba ka yi laifi. Baba Cika ya ce shi ba ya son a yi laifi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wayoyinmu duk sun mutu tun bakin iyaka, sai ɗan mai gari ya ara wa Malam Garba tashi ya kira masu shirya gasa. Sunka ce sun ji, Allah ya kyauta, amma doka doka ce: in an busa usur ba mu cikin fili, an ba abokan karawarmu wasan.

Da safe munka koma gindin bedi. Na sake gwada Shef, ya ce yaro ya buɗe baki kawai. Na sake gwada Jabbi, ya ce mu tafi, har yanzu in munka yi gudu za mu iya samu. Ina jin har ranshi ya ɗauka za mu gaji mu tafi. Hantsi ya ɗaga. Wasanmu kafin azahar ne. Can Malam Garba ya dubi agogonshi, ya daɗe yana dubawa, sannan ya kwance shi ya sa aljihu. Kowa ya gane. Bashiru ya kifa kai bisa gwiwa. Ba wanda ya tashi, ba wanda ya dubi mota. Na ɗaga ido na ga Jabbi na kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

Ana haka sai ga wani dattijo ɗan ga-ruwa ya kawo wa jandarmomin ruwa, garwa biyu rataye a sanda bisa kafaɗa. Ya juye a randa, ya ajiye sandar ya zauna shan iska. Sai Jabbi ya miƙe. Wani jandarma ya daka mishi tsawa, Shef ya ɗaga hannu ya ce a bar shi. Jabbi ya je ya ɗauki sandar da garewanin, ya nufi rijiya, tana nan inda kowa ke gani. Ya ja ruwa ya cika su. Ya duƙa, ya shiga ƙarƙashin sandar, ya miƙe da ita. Sandar ta zauna daidai bisa kantar nan. Ya taho da irin tafiyar nan ta 'yan ga-ruwa, gajeren taku mai rausaya, hannu guda gaba guda baya. Tsakiyar hanya ya juya sandar ta bayan wuya zuwa kafaɗar hagu ba tare da ya tsaya ba, ko ɗigo bai zuba ba. Ya zo ya juye a randa, ya jingine sandar inda ya ɗauke ta, ya koma ya zauna yana kallon ƙasa.

Kunya ta rufe ni. Mu ne fa kullum muke tsokanarshi, ɗan masu shanu, sayar da maraƙi guda ka saya wa ƙungiya takalma. Shi ko sai ya yi murmushi. Ashe tafiyar Juma'a ke nan. Ɗan ruga, ɗan kwaleji, wanda maroƙi ke wa kirari, shi ke zaga lungunan Isa da garwa. Ya gwammace a kai shi inda ba a san ranar fitowa ba da ya faɗi haka gabanmu.

Shef ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya fito da katin Jabbi da rigarshi, ya miƙa mishi da hannu biyu. Ya juyo gare ni ya ce in kwashe sauran bayinshi in ba shi wuri, amma muryarshi ba ta wasa ba ce.

Na san abin da za ku ce, don ni ma na faɗa cikin raina: da ya yi haka jiya, da mun kwana Sakkwato. Haka ne. Amma wanda bai taɓa rasa abin da ake kiran gidansu da shi ba, ya yi hankali da wannan tambaya.

Munka shiga mota munka kama hanyar Madawa. A Madawa Baba Cika ya tsaya ya sayo kilishi da kuɗinshi, abin da ba a taɓa gani ba, ya miƙa baya ya ce a ci. Galmi warin albasa ya cika mota, buhuna jibge bakin hanya sun fi mutum tsawo. Bashiru ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa. Munka ratsa Ƙonni, munka shigo Illela, wayoyi sunka farfaɗo, saƙonni sunka yi ta shigowa ana tambayar da nawa munka ci. Kafin mu shiga Sakkwato, lokacin da Jabbi ya sauka alwala, Malam Garba ya ce abin da munka gani ya tsaya cikin motar nan. Duk munka yarda. A lokacin mun ɗauka sutura ce muke mishi.

A Sakkwato aji guda anka ba mu cikin wata makaranta, mu da sauro. Washegari munka shiga zauren wasa, karon farko da na taka filin katako. Santsi gare shi, ƙwallo na tashi fiye da yadda muka saba a daɓe, takalmanmu kuwa na gwanjo ne da sunka sha ƙasa. 'Yan birni na bisa benci suna cewa 'yan ƙauye sun iso, a ba su hanya. Wasa uku ne a rukuni, na farko ya tafi ba mu taɓa ƙwallo ba. Na biyu munka ci, kuma ci mai kyau. Jabbi ya yi wasan da ban taɓa gani ba, ba ya murna in ya jefa, ba ya duban kowa, har masu yi mana dariya sunka koma tafi. Na uku shi ne mai raba gardama, kuma nan ƙafafunmu sunka ƙare. Mutanen da sunka kwana bisa tabarmar zaure sunka tura mota cikin yashi, ga yaran da sunka yi sati suna hutawa. Duk da haka da kwando guda sunka fi mu. Ni na zubar da jifa biyu na kyauta ana saura kaɗan a tashi, Bashiru ya zame ya faɗi da ƙwallo a hannu. Sun fi mu a ranar, ban ce an cuce mu ba. Mai neman 'yan wasan kuwa wasan farko ya zo kallo, bai dawo ba.

Mun dawo ta hanyar Goronyo cikin ayarin da sojoji ke rakiya. Ba wanda ya tarbe mu, ban kuma damu ba. Abin da ban sani ba shi ne labari ya riga mu. Wata motar 'yan kasuwarmu ta wuce shingen nan lokacin da Jabbi ke zaune ba riga, jandarma tsaye kanshi. Kafin mu iso an gama shari'a a teburin mai shayi. Aka tare mu ana tambaya mi anka gani jikinshi, mu kuma saboda alkawari sai mu ce ba komi, kuskure ne. Ashe shirunmu wuta yake ƙara wa maganar. Aka fara cewa to ina yake zuwa duk Juma'a? Wa ke faɗa wa mutanen daji ranar da motoci ke fita? Bakin da ya yi mishi kirari shi ya koma yana cewa dama shi bai taɓa yarda da shi ba. Ran nan wasu samari masu sanduna sunka zo ƙofar kwaleji suna tambayar mai gadi ɗakin da dogon nan yake kwana. Juma'ar nan Jabbi ya tafi Isa, Lahadi ta zo bai dawo ba.

Na bi shi. Ban sha wahalar nema ba, na tambayi wata mai ƙosai ina dogon ɗan ga-ruwa, ta nuna mini lungu. Unguwa ce mai yashi inda kurar ruwa ba ta shiga, sai mai sanda. Na iske shi ya sauke garewani ƙofar wani gida. Da ya gan ni bai ɓoye ba, ya ce in jira ya juye. Ya kai ni inda suke, wani kango da ba a gama ginawa ba, an rufe taga da buhu. Tsohuwarshi na ciki da ƙannenshi. Ta kawo mini ruwa tana ba ni haƙuri wai ba nono.

Munka zauna bakin kangon. Ya ce dare guda anka kore garken shanunsu duka, babanshi ya bi sawu, gawarshi anka kawo. Mutanen dajin da ake cewa yana yi wa aiki, su ne. Na faɗa mishi abin da ake ciki a Sabon Birni, ban rage komi ba, har samarin da sunka zo ƙofa. Na ce jarrabawa ta matso, kuma maganar nan in ba a kashe ta ba, har Isa za ta biyo shi. Na ce mun yi alkawarin rufe baki, amma rufe bakin ke neman kashe shi, don haka na zo neman izini in faɗi abin da na gani da idona, in rubuta kowa ya ji.

Ya daɗe yana murza igiyar garwa a hannu. Na zaci zai ce a'a.

“Rubuta,” ya ce. “Amma in ka rubuta na ga-ruwa, ka rubuta muna da shanu da. Kar su ɗauka haka munka taso.”

To ga shi na rubuta. Suna da shanu, garke guda, farare, har da bijimin da mutane ke tasowa daga Tozai su zo kallo. Waɗanda sunka kore su ba su tambaya ko shi Bafillace ne ba, ku ma da kuke zaune kuna yanka mishi hukunci ba ku tambaye shi ko ya ci abinci ba. Kofi kuma, ko gobe anka sake ɗaura igiyar nan gabanmu, gindin bedin nan za mu sake zama, ku yi ta jira. Jabbi ya dawo jiya, ni na ɗauko shi, gadonshi na kusa da nawa. Mai sauran tambaya ya zo filinmu ran Asabar da la'asar. Zai iske shi ƙarƙashin kwando, kuma ya ce ba ya ƙara sa 'yar shara, kowa ya zo ya duba da kyau.